Dangwale Biyu, Yatsa Ɗaya

Na yi wauta iri-iri a duniya. Wasu na manta, wasu mutanen garinmu sun ƙi bari in manta. Amma wadda ta fi ci mini rai ita ce wadda na yi da wayo. Wautar rashin sani tana da sauƙi, mutum ya ce tsautsayi ne ya wuce. Ita wannan tsayawa na yi na tsara ta, na yi mata ado, na dawo majalisa ina ba da labari ana tafa mini. Da babban yatsana na dama na raba ƙanena da aikinsa, ina nan gefen kanal ɗin ban ruwa, shi yana can bakin teku, tafiyar kwana biyu a motar tumatir.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Mahaifinmu ya bar mana gona guda a ƙarshen layin ruwa, can inda kanal yake isowa a gajiye bayan kowa ya sha. Gona ce da za ta riƙe gida ɗaya, biyu kuwa sai da faɗa. Ƙanena ya ce in riƙe, shi ya bi motar kayan gwari zuwa Ikko. Ya yi dako, ya yi turin baro, daga baya Allah ya ba shi gadi a wata ƙaramar tashar jiragen ruwa ta wani kamfani. Shekara goma sha ɗaya yana ƙofar nan. Matarsa da 'ya'yansa suna sashen yamma na gidanmu, shi kuma sai babbar salla muke ganinsa.

A zuwansa na ƙarshe kafin abin ya faru, lokacin wayar salula ta fara shigowa Kura amma ba ta ƙaraso mu ba, ya zauna a ƙofar gida yana ba mu labarin wata sabuwar doka. Wai ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce, ta duk duniya ce. Kowace tasha sai an zagaye ta da shinge, an sa fitilu, an yi wa kowane ma'aikaci kati mai hoto. Wanda ya shiga a rubuta, wanda ya fita a rubuta. Kowane jirgi ma sai yana da nasa mai kula da tsaro da takardar shaida. Sannan a turo masu duba su bi tasha lungu-lungu, su hau jirgi su bincika. Tashar da ta faɗi, jirage za su daina zuwa, domin jirgin da ya tsaya a wurin da ba a yarda da shi ba, shi ma ba za a yarda da shi a gaba ba.

Na ce, "To wa zai saci jirgin ruwa? In ya sata a ina zai ɓoye shi, a rumbu?"

Ya ce, "Yaya, ba satar jirgin ake tsoro ba. Abin da za a saka a cikinsa ake tsoro."

Na ce ai mu ma muna da ƙofar ruwa a kan babban kanal, da kwaɗo da komai, kuma kowa a garin nan yana da makullinta. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Dama shi tun yana yaro in aka ba shi tsaron shanya ko kaza ba ta isa ta matso ba.

Wata huɗu bayan komawarsa wani direba ya kawo mini wasiƙa daga gare shi. A nan ne wautar ta fara, tun kafin babbar. Karatuna na boko shekara biyu ne a ajin yaƙi da jahilci, su ma rabinsu a bakin taga na yi su. Ina gane sunana, ina gane Kano a goshin mota, in aka wuce nan sai dai in yi ta gyaɗa kai. Mai karanta mana wasiƙa malamin firamare ne, ni kuma a lokacin ba ma ga maciji da shi, domin gonarsa tana gaba da tawa kuma ya toshe mini ruwa ranar da layi nawa ne. Na ce ba zan je in durƙusa wa mutumin da ya shanye mini ruwa ba. Na soke wasiƙar a jikin azara, na ce sai Juma'a in na shiga Kura. Juma'a ta zo, tumatir ya fara nuna, ban shiga ba. Wata Juma'ar ma haka.

Ranar wata Talata da hantsi ina kan gadar kanal ina wanke tiyon ban ruwa, sai ɗan acaɓa ya sauke wani mutum. Riga a soke cikin wando, takalmi ba taɓo ko ɗigo, jaka a kafaɗa, fayil a hannu. Ya yi sallama da Hausa mai kyau, irin ta mutanen birni. Ya tambayi sunan garin, na faɗa masa. Sai ya buɗe fayil ya karanto sunan ƙanena da na mahaifinmu, ya ce ko na san gidan.

Wanda ba ɗan yankin nan ba ne ba zai gane abin da ya zo mini a rai ba, don haka bari in yi bayani. Muna yara aka zo auna ƙasa za a haƙa kanal. Mutane masu takarda suka riƙa bin gonaki suna tambaya, ta wa ce wannan? Masu saurin baki suka amsa, mahaifinmu yana cikinsu. Da aka gama aiki aka sake rabo, ya tsinci kansa a ƙarshen layi. Ko amsawar ce ta jawo, ko ba ita ba ce, Allah masani, amma shi har ya rasu yana cewa bakinsa ne ya kai shi can. Bayan su sai masu kawo sammaci, su ma da takarda. Tun daga nan garin ya yi wa kansa doka ba tare da an yi shela ba. Baƙo mai sanda a ba shi ruwa a nuna masa gida. Baƙo mai takarda a ba shi ruwa.

Ni kuma zuciyata ta riga ta gama lissafi. Na ce shi ke nan, wani kaya ya ɓace a tasha, an ɗora wa ƙanena, ya gudu, an biyo sawu.

Na ɗaga kai sama kamar mai tunani, na ce, "Kai, a garin nan? Sake faɗa mini sunan."

Ya sake faɗa.

Na ce, "Ni dai an haife ni a nan, gemun nan a nan ya yi fari. Ban taɓa jin mai wannan suna ba."

Ya ce, "Baba, ba laifi ya yi ba. Aiki yake a wurinmu, tabbatar da gida kawai aka turo ni."

Na ce a raina, duk haka kuke cewa. A fili kuma na ce Allah sarki, da na sani ai da na kai shi har ƙofa.

Sai ya zaro hoto. Ga ƙanena cikin kakin gadi ya ƙame kamar an ce kada ya yi numfashi. Mutumin ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

Ya ce, "Amma kun yi kama fa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen kanal duk kamarmu ɗaya. Ruwa ɗaya muke sha."

Ya yi murmushi ya ce to a kai shi wurin mai unguwa. A daidai lokacin mai unguwa yana kwance a gindin mangwaron bayan gidansa, da na ɗaga murya zai ji ni. Na ce ai ya tafi ta'aziyya Madobi tun asuba, sai jibi, kuma in ba ya nan ni nake riƙe masa gari. Ana haka sai ga maƙwabcina ya taho da fartanya a kafaɗa. Ban ƙifta masa ido ba, ban yi tari ba. Baƙon ya karanta masa sunan. Maƙwabcina, wanda ƙanena ya sha goya masa ɗa, ya dubi fayil ɗin nan ya sosa ƙeya ya ce, "Anya ba na Bunkure ake nufi ba?" Ya wuce abinsa.

Mutumin ya zauna a gefen gada ya yi rubutu mai tsawo. Ya tambayi sunana. Ni kuwa ba na ɓoye kaina, na ba shi na gaskiya, sai dai na haɗa da sunan gari maimakon na uba. Ya ce in sa hannu a matsayin wakilin mai unguwa. Na ce ni dangwale nake yi. Ya buɗe 'yar tawada, na dangwala masa sosai har da murzawa. Babban yatsana yana da tabon lauje da ya raba shi biyu tun ina saurayi, sai ya fito a takardar kamar kanal ya ratsa gona. Na kwatanta wa ɗan acaɓan hanyar Bunkure, wadda ta bi ta inda kanal yake yoyo ya mai da hanya fadama, domin takalmin nan mai ƙyalli ya tsaya mini a rai.

Da la'asar na ba da labarin a majalisa sau uku, kowane zagaye yana ƙara tsawo. Maganar ruwa ɗaya muke sha ita ta fi karɓuwa. Har aka saya mini goro.

Da na shiga gida na tarar da matar ƙanena a tsaye a tsakar gida, labari ya riga ni. Mace ce mai kunyata, shekara da shekaru ba ta taɓa kallon idona ba. Ranar ta kalla.

Ta ce, "Yaya, wasiƙar nan da aka kawo, me ta ce?"

Na ce gaisuwa ce.

Ta ce, "An karanta?"

Ba ta jira amsata ba. Ta shiga ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zaro wasiƙar daga azara, ta yafa mayafi ta nufi gidan malamin firamare. Na bi ta a baya kamar akuyar da aka ja. Malamin ya sa tabarau, ya dube ni ta samansa, kuma ya karanta da ƙarfi don na waje su ji. Bayan gaisuwa ƙanena yana cewa masu duba za su zo tasharsu, kuma kafin su zo kowane mai gadi sai an tabbatar da asalinsa da gidansu. Kamfani zai turo mutum. Ya ce ya ba da sunana a matsayin mai tsaya masa. Ya ce, Yaya don Allah ka karɓe shi da kyau, ka kai shi wurin mai unguwa, kuma kada ka yi masa irin wasan nan naka.

Malamin ya ninke takardar ya miƙo mini ya ce, "Ko in sake karantawa?"

Da sassafe na hau acaɓa zuwa Bunkure. Aka ce an ga mutumin, taɓo har gwiwa, yana tambaya ba wanda ya sani. Na bi Garun Mallam, aka ce ya hau motar Zariya tun jiya. Na tsaya a bakin titi ina zagin motoci kamar su suka yi mini.

Kwana biyar bayan nan muka samu ƙanena a waya. A Kura ne, ƙarƙashin lemar wata mai wayar haya, da lambar wani abokin aikinsa. Muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ce an karɓe katinsa, an cire shi daga ƙofa. Rahoto ya ce wakilin mai unguwa da wani dattijo sun shaida babu mai wannan suna a garin. Ya ce, "Yaya, wane ne wakilin mai unguwa? Yaushe aka yi?" Na ce layin ba ya da kyau. Ya ce saura mako uku masu duba su zo. In aka kawo takardar mai unguwa da ta dagaci, da hotona da sa hannuna, wataƙila shugaban tsaron tashar ya duba.

Mai unguwa ya sa na yi zarya kwana uku. Ranar farko ko tabarma bai ba ni ba.

Ya ce, "Ka kashe mini mutum a Madobi, ka tura ni ta'aziyya, ka naɗa kanka. To ai kai ne mai gari. Rubuta wa kanka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in da kai ya tarar, me za ka ce masa?"

Ya ja carbi. Can ya ce, "Ni da na ce ya dawo gobe."

Rana ta biyu ya ce bironsa ya ƙare. Rana ta uku matar ƙanena ta je da kanta ta durƙusa, sannan ya sa malamin firamare ya rubuta, wanda shi ma sai da ya tambaye ni ko yanzu na yarda layin ruwan nan nasa ne. Na ce nasa ne, har na kakansa. Dagaci ya buga hatimi bayan ya sa na maimaita labarin gaban fadawansa, su ma suka yi dariya a daidai wurin ruwa ɗaya. Na ɗauki hoto a Kura, na fito kamar wanda aka kama da akuya. Na dangwala yatsa a ƙasa.

Mako guda ya tafi a haka. Na ce ba zan sake ba direba takarda ba, da ƙafata zan kai. Tumatir yana tsakiyar ɗiba, layin ruwana yana zuwa ranar Asabar. Na bar wa maƙwabcina amana, na hau saman kwanduna a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Kwana biyu ina warin tumatir, ƙashin bayana yana ƙirga ramukan hanya.

Ƙanena ya tare ni a kasuwar da ake sauke kaya. Ya rame, ba kaki, sai wata tsohuwar riga. Ya gaishe ni yadda ƙane yake gaida wa, ya tambayi gida ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi jakata. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A cikin mota na faɗa masa gaskiya duka. Ya saurara yana kallon taga. Abin da ya ce kawai, "Na gane tun da aka ce wakilin ya yi maganar ruwa."

Tashar tana bayan wani dogon shinge, sabon fenti, sama an naɗa waya mai ƙaya. Ƙanena ya nuna mini ya ce wannan ɓangaren duk shi ya shafa. Ta tsakanin ƙarafa na hango jirgin. Ni da nake tsammanin babban kwalekwale ne, sai na ga unguwa guda a kan ruwa, da benaye. Ruwan kuwa har ƙarshen gani. Na tsaya ina lissafin kadada nawa zai shayar. Ƙanena ya ce gishiri ne, ko albasa ba zai raya ba. Na ce ka ji rabo, mu muna faɗa a kan tiyo guda.

Wanda ke ƙofa abokin ƙanena ne, mutumin wajen Haɗeja, shekara takwas suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ya gaishe ni da girmamawa, ya ce in yi haƙuri, ba kati ba shiga. Na ce ni dattijo ne, kwana biyu na yi a hanya, ko inuwar rumfar can a bar ni. Ya ce rumfar tana ciki. Ya miƙo mini ruwa ta tsakanin ƙarfe. Na dubi ƙanena don ya sa baki, sai na ga yana gyaɗa kai, wai abokin ya yi daidai.

Muka yi awa biyu a rana kafin shugaban tsaron ya fito. Mutumin kudu ne, gajere, ya yi aikin soja a Kano, yana jin Hausar bariki. Ya karɓi takarduna ya karanta a tsaye. Ya aika aka kawo fayil. Ya zaro takardar farko da na dangwala, ya jera su biyu a kan murfin wata mota. Bai ma nemi gilashi ba. Ga yatsa, ga kanal ya ratsa gona. Ga yatsa, ga kanal ya ratsa gona.

Ya ce, "Baba, kawo hannu."

Na miƙa na hagu. Ya ce ɗayan.

Ya duba ya ce, "Wannan takarda ta ce ba ka san shi ba. Wannan ta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Wace rana ka yi ƙarya?"

Na ce, "Ranar farko, Oga. Amma ba ƙarya ba ce irin ta mugunta. Al'ada ce."

Na kwashe labarin auna ƙasa na ba shi, da na mahaifinmu, da na sammaci. Ya saurara har ƙarshe, har ya yi dariya kaɗan, ya ce su ma a ƙauyensu haka ake yi wa mai takarda. Na ji sanyi, na ce an gama. Na ce to a sake tura mutumin, zan yanka masa rago, zan wanke masa takalmi da hannuna, gari duka zai fito ya shaida.

Ya ce, "Garin da ya ce babu wancan mako, shi zai ce akwai wannan mako?"

Na ce ai yanzu sun san ba kamu ba ne.

Ya ce, "To in gobe ɗan garinku ya zo da mugun nufi, na tura tambaya, me za su ce?"



Ya ci gaba, "Ba ƙanenka nake zargi ba. Ni na san shi, ko ƙusa ba ta taɓa fita ta ƙofarsa ba. Amma masu duba ba su san shi ba, fayil suka sani. Za su zaro guda biyar ko shida yadda suka ga dama. In suka zaro wannan, suka ga mai tsaya masa ya yi shaida biyu, ba shi zai faɗi ba, tasha ce za ta faɗi. Mutum nawa ke ci a nan?"

Na ce to a yaga ta farkon mana, wa ya gani? Ƙanena ya kama hannun rigata ya ja. Shugaban ya dube ni, ya dubi ƙanena, ya mai da takardun cikin fayil, duka biyun. Ana haka jiniya ta ɗauka. Na zabura zan ruga, na ɗauka gobara ce. Ashe atisaye ne. Aka ja ƙofa aka rufe, ma'aikata suka yi layi ana kiran suna, a kan jirgi aka janye matattakala. Ƙanena yana waje, amma na ga ƙafafunsa sun haɗe, leɓensa yana ƙirga mutanen layi.

Na ƙi komawa gida. Na ce sai na ga masu duban nan da idona, in faɗa musu da bakina. Na yi kwana tara a ɗakin ƙanena, ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Kullum muna zuwa bakin shinge. Ranar da suka zo, su huɗu ne da fararen huluna na kwano. Ɗaya ya bi shinge yana jijjiga kowane kwaɗo. Ɗaya ya zauna da littafin ƙofa yana bin layi da yatsa. Biyu suka hau jirgi, kuma tun a matattakala wani matuƙi ya tare su ya ce su nuna kati, su da suka zo duba shi. Ƙanena ya ce da bai tambaya ba da jirgin ya faɗi. Can kuma wani ya zo ƙofa da kaya irin na leburori da katin da ba nasa ba. Mutumin Haɗeja ya dubi hoton, ya dubi fuska, ya tsare shi. Ashe su suka turo shi, gwaji ne.

Da suka fito na ɗaga hannu na yi kira, ranku ya daɗe, ranku ya daɗe. Gilashin motar a rufe yake. Ɗaya ya ɗaga mini hannu, ya ɗauka gaisuwa ce.

Bayan kwana biyu mutumin Haɗeja ya zo ɗaki ya ce tasha ta ci. Ƙanena ya miƙe tsaye ya ce alhamdu lillahi, mun ci. Mun! Na tambaya ko an zaro fayil ɗinsa. Aka ce ba a ma kai kansa ba, tun da an riga an cire shi daga jerin. Na ce to tun da an wuce sai a mai da shi. Muka koma. Shugaban ya ce masu duba ba sau ɗaya suke zuwa ba, kuma an riga an sa wani a gurbin, mai takardar sakandare. Ya rubuta wa ƙanena shaidar kyakkyawan hali, ya ba shi hannu. Ƙanena ya nemi gadi a tashoshi biyu na kusa, kowacce ta ce sai ta tambayi inda ya baro, kuma sai an tabbatar da gida.

Muka dawo tare a saman kwandunan da babu komai. A gona na tarar da rabin tumatir ya kwanta. Maƙwabcina ya ce ruwa bai iso ba ranar Asabar, amma nasa yana kore shar. Ban ma yi faɗa da shi ba.

Matar ƙanena ta kawo mana abinci ta ajiye. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta dube ni ba wannan karon, ta ce wa bango, "Da ma 'yan sanda ne suka zo. Da yanzu an yi beli an manta."

A majalisa ba a daina labarin ba, sai dai yanzu ba ni nake bayarwa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wanda ya yi mini dariya, da shi aka tarar a kan gadar nan abin da zai yi ke nan. Na faɗa musu haka. Suka ce ƙwarai, amma su da sun karanta wasiƙa.

Da aka kwashe abin da ya saura na tumatir, muka je raba gonar, ni da shi, ba mu kira kowa ba. Na ce ya ɗauki ɓangaren da ke kusa da bakin ruwa. Ya ce a'a, ni ne babba. Muka ja igiya daga tushen giginya zuwa kan kunya, yana riƙe da can ina riƙe da nan. Hannunsa ya manta fartanya, kafin azahar ya yi kanta ta fashe. Muka zauna a gefen magudana muna jiran ruwan da aka ce an sako tun safe. Ya daɗe yana kallon busasshen taɓon da ke ciki. Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai maganar farashin taki.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina tsaron ƙofar mutane, Yaya. Kowa na zarga, har masu farar hula. Ban taɓa kawowa ta gida za a shigo mini ba."